Shekara Uku Ana Ce Masa Sanyi

A ƙasar Hausa, ciwon da ya shiga gaɓa ya ƙi fita ba ya daɗewa bai samu suna ba, kuma sunan kusan kullum ɗaya ne: sanyi. Tsoho ya kasa miƙewa daga tabarma, a ce sanyi ne. Mai jego ta fara ɗingishi, a ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu da kyau ba. Kalma ce mai faɗi, tana ɗauke da ciwo goma a cikinta, kuma sau da yawa ba ta cutar da kowa, domin ciwon kan lafa da kansa ko da ɗan magani. Wahalar tana zuwa ne idan aka laƙaba ta ga ciwon da ba nata ba. Daga ranar kowa ya huta da tambaya, ban da mai ciwon.

Autarmu ta yi shekara uku da 'yan watanni ana ce wa ciwonta sanyi. Mu uku ne yayyenta, kuma tare muka yi ta zirga-zirga da ita har aka gano sunansa na gaskiya. Ya fara mata ne a 2019, tana da shekara 25, wata biyu bayan haihuwarta ta fari. A kwatangwalon dama yake, ta gaba, daidai inda cinya ta haɗu da mara, wani lokacin ya gangaro har gwiwa. Sai ta yi mako uku lafiya lau, rana guda ya taso mata ba faɗuwa ba bugewa, ya riƙe ta kwana huɗu ko biyar, sannan ya sake ta. Da yake a kan jego ya zo, bayani bai yi wa kowa wuya ba. Umma ta ƙara mata kwanakin wankan ruwan zafi, tana cewa, "Ki daure, Auta, kowace mace ta bi ta nan."

Jego ya wuce, yarinya ta fara tafiya, ciwo yana nan. Wanzami ya yi mata ƙaho. An yi tofi, an sha rubutu, domin gidanmu ba a raina addu'a. An kai ta wurin wani dattijo mai ɗori, ya lalluba ƙafar, ya juya ta hagu da dama, ya ce, "'Yata, babu karaya, babu targaɗe, babu gocewa. Wannan ba aikina ba ne, ku je asibiti." Har yau muna ganin girman wannan dattijo. A kemis kuwa diklofenak ake ba ta, kati bayan kati, har cikinta ya fara zafi aka ce ta dakata kada ya zama gyambon ciki.

A asibiti an yi abin da ya kamata a fara yi. Matashi ya zo da ciwon kwatangwalo a Najeriya, abin da likita zai fara tunawa shi ne sikila, domin tana toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotsa. Babu ƙasar da ta kai tamu yawan masu sikila a duniya. Ana ƙiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita kowace shekara. Aka gwada jinin Auta, AA ne. Abu na biyu shi ne tarin fuka, wanda mutane da yawa ba su san yana barin huhu ya sauka a ƙashin baya ko kwatangwalo ba. Hoton ƙirjinta ya fito fes, ba ta zazzaɓi, ba ta rama. Gwajin da ke nuna kumburi a jini bai nuna komai ba. Hoton ƙashi na farko ma haka, likita ya ɗaga shi ga haske ya ce bai ga matsala ba. Gaskiya ya faɗa, domin a lokacin ƙashin bai taɓu ba tukuna.

Wanda bai taɓa jinyar ciwon da gwaji bai gani ba zai ɗauka cewa jin "ba a ga komai ba" albishir ne. A gidan aurenta, maganar ta zama hujja a kanta. Kwatangwalo gaɓa ce mai zurfi, tsoka ta rufe ta ta ko'ina. Gwiwa idan ta kumbura kowa zai gani ya yi sannu, amma kwatangwalo sai ya cika da ruwa da jini babu abin da zai nuna a waje. Ga mace ja-jir da ita, tana ci tana sha, asibiti ya ce lafiyarta ƙalau, amma ta ce ba za ta iya tsugunawa ta yi wanke-wanke ba. Aka fara cewa son jiki ne. Wasu suka ce raki ne na auta da aka shagwaɓa. A makarantar firamaren da take koyarwa aka fara ƙirga mata ranakun fashi. Mijinta mutumin kirki ne, amma shi ma ana yi masa magana ta dama da hagu, kuma ba shi da takardar da zai nuna. Wata rana ta ce da babbanmu, "Yaya, ni ciwon ma ina iya jure shi. Kallon da ake yi min ne ya ishe ni."

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne sallah. Yarinyar da ta tashi ba ta wasa da ibada ta koma ba ta iya zaman tahiya sai ta miƙe ƙafa ɗaya gefe. Sanya safa ya zama aiki. Hawa adaidaita sahu sai ta ɗaga cinyar da hannu biyu. Duk waɗannan abubuwa ne da suke buƙatar kwatangwalo ya lanƙwashe ya juya, shi kuwa nata kullum ƙara sandarewa yake.

Cikin shekara uku ta ga likita shida a asibiti huɗu. Ba mu ga sakaci daga ko ɗayansu ba. Abin da muka lura da shi shi ne kowannensu rana ɗaya ya gani daga cikin ciwon. Sabon asibiti, sabon kati, sabon fayil, a sake tambaya daga farko, a sake gwajin sikila. Hoton da aka ɗauka bara yana can ƙarƙashin katifa a gidanta, sakamakon jini yana cikin jakar Umma, wata takardar ta ɓace a hanya. Na tsakiyarmu, wanda sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta ce, ya ce a wurin aikinsu matsalar da ke zuwa ta tafi ba a kama ta da kallo ɗaya, sai an riƙa rubuta duk lokacin da ta faru, da abin da ya gabace ta, sannan a jera a duba. Sai muka bi gida-gida muka tattaro duk takardar da ta shafi ƙafar nan, muka zauna da Auta da mijinta daren Juma'a guda, muka jera komai bisa kwanan wata a shafi biyu.

Da aka jera, sai labarin ya fito da wata fuska. Gaɓa ɗaya tak ce ke ciwo tsawon shekara uku, ba ta taɓa tsallakawa wata ba, alhali amosanin gaɓɓai yakan kama wurare da yawa, sau da yawa hagu da dama tare. An gwada jini sau huɗu, duka lafiya. Babu zazzaɓi ko sau ɗaya. Tazarar da ke tsakanin tasowar ciwon tana raguwa, daga mako uku zuwa kwana goma. Ga kuma hoton ƙashi guda uku, na 2019 da na 2021 da na 2022, waɗanda ba a taɓa ajiye su gefe da gefe ba.

Da wannan fayil muka je wurin wani babban likitan ƙashi a ƙarshen 2022. Ya karanta shafi biyun nan tsaf kafin ya taɓa ta. Ya kwantar da ita, ya lanƙwasa ƙafar ya juya ta ciki, ta yi ƙara. Sannan ya liƙa hotunan uku a jikin fitila. A na ƙarshe ya nuna mana wasu 'yan ramuka masu santsin baki, kamar inda gara ta ɗanɗana itace, wasu a wuyan ƙashin cinya, wasu a jikin kwarmin da yake zaune a ciki. Ya ce sikila da makamantanta kan ƙashin cinya suke fara ci. Idan aka ga ɓarna ta ɓangare biyu na gaɓa a lokaci guda, to a tuhumi abin da ke tsakaninsu. "Malama," in ji shi, "ciwonki na gaske ne, kuma ina zargin ba daga ƙashi ya faro ba. Sai mun yi MRI."

Kafin a fahimci abin da yake nufi, sai an san yadda gaɓar take. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin kwarmin ƙashin ƙugu kamar taɓarya a turmi. Guringuntsi ya lulluɓe fuskokin biyu don kada su goge juna. Wata jaka mai ƙarfi ta kewaye su ta ɗaure. A cikin jakar akwai wani tantani siriri da ya shimfiɗu a bangonta, aikinsa fitar da ɗan ruwa mai yauƙi da ke sa gaɓa ta motsa ba tare da gurzuwa ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi yake nunawa, wannan tantani ba ya fitowa a cikinsa. Shi ya sa mutum zai yi shekaru yana ɗauke da ciwo a wurin, hoto yana cewa lafiya.

Kuɗin MRI ya haura albashinta na wata biyu, muka yi karo-karo. A hoton, tantanin da ya kamata ya zama siriri ya yi kauri, ya cika jakar, ya yi gudaji-gudaji, kuma ya fito baƙi ƙirin a inda ake sa ran ganin haske. Likitan hoto ya bayyana mana dalili. Naman da ya tsiro yana ɗigar da jini kaɗan-kaɗan cikin gaɓar. Jinin yakan narke, amma sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yana maƙalewa a naman shekara da shekaru. Na'urar MRI kuwa da maganaɗisu take aiki, ƙarfen nan yana rikita maganaɗisun a daidai inda ya taru, sai wurin ya yi duhu. Wannan duhun shi ne babbar alamar ciwon. Tasowar da ciwon ke yi mata kwatsam, likita ya ce mai yiwuwa ranakun da jini ya zuba ne a cikin jakar da ba ta da wurin buɗawa.

Duk da haka bai yanke hukunci da hoto kaɗai ba. Tarin fukan gaɓa ma yana kumbura wannan tantani, yana kuma cin ƙashi ta gefe, kuma a ƙasa irin tamu ya fi wannan ciwo yawa nesa ba kusa ba. Da an bi zato, da an ɗora ta a kan maganin tarin fuka na wata shida ko fiye a banza. Sai aka ɗebo ɗan nama daga cikin gaɓar aka kai ɗakin gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya fito, babu ƙwayar tarin fuka, babu kansa. Likita ya rubuta mana haruffa huɗu a takarda: PVNS.

Mun koma gida mun yi ta karatu a kansa. Wani likitan fiɗa na Faransa mai suna Chassaignac ne ya fara bayyana irin wannan tsiro a 1852, a jikin jijiyar yatsa. A 1941 wasu likitoci uku a birnin New York na Amurka, Jaffe da Lichtenstein da Sutro, suka haɗa nau'o'insa wuri guda suka ba shi sunan da aka taƙaita zuwa waɗannan haruffa. Sunan kwatance ne kawai na abin da ido ke gani idan an buɗe gaɓar: tantani mai launin tsatsa, mai geza-geza da gudaji, wanda suka ɗauka kumburi ne. An yi shekaru ana gardama ko kumburi ne ko ƙari. A 2006 masu bincike a jami'ar Stanford suka nuna cewa wasu 'yan tsirarun ƙwayoyin halitta a cikin naman suna da tangarɗa a kuromosom na 1, wadda ke sa su fitar da wani sinadari mai suna CSF1 fiye da kima. Aikin wannan sinadari shi ne kiran fararen ƙwayoyin jini masu share datti a jiki. Suna amsa kira suna taruwa, har su zama su ne mafi yawan naman. Wato masu laifin kaɗan ne, taron da suka tara ne ya cika gaɓar. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin ƙari, da sunan da ake taƙaitawa TGCT. Ƙari ne da ba kansa ba, kusan ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, amma a inda yake zaune yana cin guringuntsi da ƙashi.

Wani lissafi ya sanyaya mana zuciya game da likitocin da suka gabata. Binciken da aka daɗe ana kafa hujja da shi, wanda aka buga a 1980 daga birnin Memphis na Amurka, ya samu kimanin mutum 1.8 cikin miliyan ɗaya a shekara. Idan aka ɗora wannan a kan gari mai mutum miliyan 5, mutum 9 ke nan a shekara guda. Mafi yawansu a gwiwa yake kama su, kwatangwalo shi ne na biyu, don haka wataƙila ɗaya ko biyu ne irin Auta. Likitan da ke duba mutum sittin a yini yana iya yin ritaya bai haɗu da shi ba. Wanda ya fara tuna sikila da tarin fuka ya bi hanyar da ta dace. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai tsaya ya ce an kawar da waɗannan tun bara, ga shi ciwo bai tafi ba, saura me? Wannan tambaya ba ta tasowa sai takardun bara suna kan tebur.

Samun suna bai zo da sauƙin zaɓi ba. Nau'in da ya kama ta shi ne mai bazuwa cikin dukan tantanin, ba mai dunƙulewa wuri guda ba, kuma shi ne aka sani da dawowa bayan aiki. A kwatangwalo ya fi saurin cin ƙashi fiye da gwiwa, saboda jakar a matse take, naman ba shi da inda zai faɗaɗa sai cikin ƙashi. Likita ya shimfiɗa mata hanya biyu. Ko a buɗe gaɓar a kankare tantanin gaba ɗaya a bar mata ƙashinta, da sanin cewa ciwon na iya dawowa, guringuntsin da ya riga ya lalace kuma ba ya tsirowa. Ko a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe tun yanzu. Na ƙarfen yana kawar da ciwo sosai, amma yana da wa'adi. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin 58 cikin 100 ne ke kaiwa shekara 25. Ga dattijo mai shekara 70 wannan ya wadatar. Ga mai shekara 28, yana nufin za a sake buɗe ta sau ɗaya ko fiye a rayuwarta, kuma kowane aiki ya fi na baya wuya.

Akwai magungunan sha da aka ƙirƙira bayan binciken 2006, masu toshe kiran da CSF1 ke yi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko, Turalio, a 2019, tare da gargaɗi mai ƙarfi cewa yana iya illata hanta. Hukumar Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da shi a 2020. Na biyu, Romvimza, ya samu amincewar Amurka a 2025. Mu dai a intanet kawai muka gan su.

Mun yi shawara, mun yi istihara, amma mun bar mata magana ta ƙarshe, domin ƙafarta ce. Ta tambayi likita abu biyu: ko za ta iya sake haihuwa, da ko za ta iya komawa aji. Ya ce duka biyun babu abin da zai hana in Allah Ya yarda. Ta zaɓi a bar mata ƙashinta. An yi aikin a farkon 2023. Ta yi makonni tana dogara sanduna biyu, sannan watanni tana zuwa gashin ƙashi. Likitan ya nuna wa mijinta hoton abin da aka ciro, nama mai launin tsatsa, ya kusa cika tafin hannu. Shi kuma ya kai wayar har ɗakin mahaifiyarsa. Ba mu san abin da suka tattauna ba. Mun dai ga Hajiya ta zo asibiti washegari da kwanon farfesu, ta zauna bakin gado ta ce, "Sannu, 'yar nan. Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan." Ita ce kuma ta riƙe jikarta har Auta ta ajiye sanda.

Yanzu ta koma makaranta. Tana koyarwa a tsaye rabin darasi, rabi a kan kujera. Ɗingishin bai tafi duka ba, kuma idan ta yi doguwar tafiya tana ji a jikinta. Tana sujada a ƙasa, zaman tahiya kuwa wata rana ya yiwu, wata rana ta jawo kujera. Likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa wataƙila wata rana a zo ga na ƙarfen, abin da ake nema shi ne a jinkirta ranar gwargwadon iko. Duk shekara ana sake MRI a duba ko naman ya fara tsirowa, kuma mun buɗe asusu na musamman muna zuba kuɗinsa kaɗan-kaɗan kowane wata.

Ba kowane ciwon kwatangwalo ne wannan ba. Mafi yawansu ba shi ba ne, kuma ba mu rubuta wannan don kowa ya fara zargin ƙari a ƙafarsa ba. Amma idan akwai wani a gidanku, musamman matashi, da gaɓa ɗaya ta dame shi wata da watanni, an yi gwaji an ce ba a ga komai ba, ku yarda da shi tukuna. Ku adana kowane hoto da kowace takarda, ku ɗauke su a waya, ku rubuta ranar da ciwon ya tashi da ranar da ya lafa, ku tafi da su duka wurin likitan ƙashi. Ku tambaye shi cikin ladabi abin da ya rage ba a duba ba.

Fayil ɗin Auta yana hannunta yanzu, ita ke ƙara masa shafi. Hoto biyu da aka yi bayan aiki ba su nuna naman ya dawo ba. Na gaba bayan Babbar Sallah ne. Allah Ya sa mu ji alheri, Ya ba duk marasa lafiya lafiya.